Kowa Ya Tuna Bara: Bege da Muhawarar Masoya Kokawa a Karkarar Arewacin Kano

Tsakure

Masoya kokawa suna da magana guda da ba sa gajiya da maimaita ta, wato ta jiya ta fi ta yau. Wannan maƙala ta dubi yadda maganar take fitowa a ƙauyukan arewacin Jihar Kano, inda kokawar kaka ta dandalin gari da gasar takobi ta Jamhuriyar Nijar da wasan shekara-shekara na WrestleMania suke haɗuwa a hirar majalisa guda. Maƙalar ta nuna cewa kamannin begen yana sauyawa gwargwadon irin ma'ajiyar da kowace kokawa ta samu, kuma wadda ta fi kusa da gida ita ce ta fi rashin mai adana ta.

1.0 Gabatarwa

A garuruwa irin su Ɗambatta da Makoɗa da Bichi da Kunchi da Minjibir da Dawakin Tofa, da wuya hirar kokawa ta yi nisa ba a kai ga auna da da yanzu ba. Dattijo yana tuna kokawar da ake yi bayan an kai amfanin gona gida. Magidanci mai sauraron rediyo yana da nasa gwanin a cikin 'yan kokawar Maraɗi ko Damagaram. Saurayin da ya tashi a gidan kallo kuwa, abin da ya sani shi ne resilin, kamar yadda ake kiran kokawar Amurka, kuma shi ma tuni ya fara cewa tun da Undertaker ya daina wasa abin ya lalace.

Bahaushe yana cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Idan aka tsaya a kan karin maganar kaɗai, sai a ɗauki duk wannan hira a matsayin ƙorafin mutanen da zamani ya bari a baya. Amma kalamin masoya wasa yana ɗauke da bayanai da ba a samun su a wani wuri: sunayen mazajen fage, da lokutan shekara, da ƙa'idojin kaye, da ma'aunin da jama'a ke rarrabe jarumi da matsoraci. Babu wata hanya ta tabbatar da ko 'yan kokawar 1975 sun fi na yau ƙarfi, kuma maƙalar ba ta sa kanta wannan aiki ba. Abin da ta bi shi ne yadda ake tunawa, da abin da tunawar ta jingina da shi.

2.0 Bege da Kewa da Tuna Baya

Kalmar da Turawa ke amfani da ita, wato nostalgia, wani ɗalibin likitanci mai suna Johannes Hofer ne ya ƙirƙiro ta a 1688, kuma da ita yake nufin ciwon rabuwa da gida. Daga baya ma'anarta ta tashi daga wuri ta koma kan lokaci. Svetlana Boym, a littafinta The Future of Nostalgia na 2001, ta raba ta biyu: akwai mai son a sake gina abin da ya rushe, akwai kuma wanda ya san ba za a sake ginawa ba, daɗin tunawar yake bi.

Hausa ta raba wannan fili ta wata fuska dabam. Ana kewar wanda aka saba da shi ya yi nisa, kuma kewa tana iya yankewa ranar da aka sake haɗuwa. Tuna baya aikin zuciya ne da ba lallai ya zo da zafi ba. Bege kuwa yana tafiya da yabo. Mai bege ba ya yin shiru, sai ya ambaci suna, ya jero siffofi, ya ɗaukaka wanda yake so bisa kowa, kuma wannan ne ya sa kalmar ta zauna daram a adabin addini. Hirar masoya kokawa ta fi kusa da bege a wannan ma'ana. Mutumin da ke ba da labarin wani kaye da ya gani shekara arba'in da suka wuce yakan zarce daga labari zuwa kirari ba tare da ya lura ba. Saboda haka manazarcin adabin baka yana da haƙƙi a kan wannan hira kamar yadda masanin zamantakewa yake da shi.

3.0 Fagen da Gona Ta Cinye

Yankin da ke kewaye da birnin Kano yana daga cikin karkarar da ta fi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Binciken da Michael Mortimore da J. Wilson suka wallafa a 1965 shi ne ya fito da kamanninsa a rubuce. An shata iyakar yankin ne da wuraren da yawan jama'a ya kai kimanin mutum 140 ko fiye a kowane murabba'in kilomita, kuma a tsakiyarsa fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙasa ana nome ta duk shekara ba hutu. Abin da ke riƙe da ƙasar shi ne taki, wanda a da jakuna ke ɗaukowa daga birni su koma da itace. Polly Hill ta sake duba irin wannan rayuwa a Ɗorayi cikin littafinta na 1977. Tun daga wancan lokaci jama'a ƙaruwa suke yi, gado yana ƙara tsattsaga gonaki, gidaje suna hawa kan abin da ya rage.

Kokawar gargajiya 'yar kaka ce. Tana buƙatar ciki ya cika, da hannu ya sami ɗan abin kyauta ga makaɗi, da samari suna gida, da kuma fili. Idan an girbe gero da dawa, gari yakan gayyaci gari, a kafa da'ira a dandali ko a gonar da aka kwashe, masu ganga su yi wa kowane ɗan kokawa takensa, shi kuma ya fito da warki da guraye da kambuna ya yi kirari. Yara ne ke buɗe fage, sannan matasa, manya sai can da daɗewa. Babu agogo, babu awon nauyi. Dattawan ɓangarorin biyu su ne alƙalai, kuma duk wanda ya kai ƙasa an gama da shi a wannan karo, sai dai ya jira wata haɗuwa. Kayen ba na mutum ɗaya ba ne. Garin da aka kayar da gwaninsa yakan sha zolaya a kasuwa har kaka ta zagayo, kuma sau da yawa 'yan matan da suka yi rakiya su ne ke raba wa samari daraja da guɗa da waƙa.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa ya raunana. Samari da yawa ba sa jiran a gama sussuka suke kama hanyar ci-rani zuwa Kano ko Abuja ko Legas. Waɗanda suka zauna kusa da madatsun ruwa irin su Watari a Ɓagwai da Tomas a yankin Ɗambatta da Makoɗa, rani ya zame musu wata daminar, domin noman shinkafa da tumatir da albasa ba ya barin mutum ya huta. Makaranta ta ɗauki yara da safe, Islamiyya ta ɗauke su da yamma. Wa'azin da ya yi ƙarfi daga ƙarshen shekarun 1970 ya soki kiɗa da layu da cakuɗuwar maza da mata, waɗanda kuwa su ne kayan adon fagen. Filin da ya tsira daga gini, ƙwallon ƙafa ta riga kowa zuwa. Kokawa ba ta mutu ba, ana yin ta a bukukuwa da lokacin sallah da wasu kasuwanni, tana kuma cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a Bikin Wasanni na Ƙasa tare da dambe da langa. Sai dai ta daina zama abin da kowane yaro ke koya don kawai ya tashi a ƙauye.

Abin lura shi ne yadda dattawa ke ba da labarinta. Ba sa cewa a shekara kaza aka yi. Sukan ce shekarar fari, ko shekarar da aka naɗa dagaci wane, ko lokacin da gyaɗa take da daraja. Gwanin da suke ambata ba a san shi ba idan an wuce kasuwa biyu ko uku. Ba a ɗauki hotonsa ba, kuma makaɗin da ya san takensa ya riga shi tafiya ko ya tuba da kiɗa. Wannan ya sa begen kokawar ƙauye ba shi da abokin gardama. Idan dattijo ya ce wane yakan ɗaga ƙato ya juya shi sama kafin ya dire shi, babu mai iya ƙaryatawa, babu kuma mai iya gaskatawa, sai saurayi ya yi murmushi ya koma kan wayarsa. Dambe ya ɗan fi sa'a. Hugh Clapperton ya rubuta bayanin damben da ya gani a Kano a 1824, waƙoƙin Muhammadu Bawa Ɗan'anace sun riƙe sunan Shago har gobe, kuma gidan dambe na dandalin Ado Bayero a Sabon Gari yana tara 'yan kallo masu biyan kuɗin shiga. Kokawar karkarar Kano ba ta sami irin wannan gata ba.

4.0 Takobin Nijar

A ƙetaren iyaka labarin ya bi wata hanya. A 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché, gwamnatin Nijar ta shirya gasar kokawa ta ƙasa karo na farko a Tawa, kuma Yakuba Kantu na Maraɗi ne ya lashe ta. Gwamnatin soja ta lokacin tana neman abin da zai haɗa kan jihohi da ƙabilu, kamar yadda ta yi da ƙungiyoyin Samariya, sai ta ɗauko wasan da manomi ya riga ya sani ta ɗora shi a kan tsarin hukuma. Mahaman Sériba ya yi nazarin wannan haɗuwa ta nufin gwamnati da al'adar kakanni a wata maƙala ta 2005.

Tsarin gasar a yau shi ne jihohi 8, wato Agadas da Diffa da Dosso da Maraɗi da Tawa da Tillaberi da Damagaram da Yamai, kowace ta kawo 'yan kokawa 10, jimilla 80. Masaukin gasar yana zagayawa daga babban birnin wannan jiha zuwa na waccan. Jihohi suna karawa da juna kwana bayan kwana, kuma duk wanda aka kayar sau ɗaya ya fita daga sahun masu neman takobi, ko da zai ci gaba da yi wa jiharsa kokawa. Waɗanda suka tsira ba a kai su ƙasa ba su ne ke fafatawa a ƙarshe. Wannan ƙa'ida ita ce gishirin gasar, domin sarkin bara yana iya faɗuwa a rana ta biyu a hannun yaron da ba a san sunansa ba. An yi karo na 44 a Agadas a watan Disamba na 2023, lissafin da ke nuna akwai shekarun da aka tsallake tun daga 1975, kuma a nan ne Kadri Abdu na Dosso, wanda aka fi sani da Issaka Issaka, ya ɗauki takobinsa na 6.

Mutanen arewacin Kano ba baƙi ba ne ga wannan gasa. Hanyar da ta bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura ita ce ke kaiwa Damagaram, wadda ta bi ta Bichi da Tsanyawa da Katsina kuma ta kai Maraɗi. Kasuwar hatsi ta Dawanau tana cike da fatake da 'yan dako daga Nijar, kuma 'yan ci-rani suna zuwa da labarin gwanayensu. Harshen fagen, daga kirari har zuwa waƙar makaɗa, galibi Hausa ce. Sassan Hausa na BBC da DW da RFI suna kawo sakamako, hotunan da gidan talabijin na Télé Sahel ya ɗauka kuma suna yawo a Facebook da TikTok da WhatsApp. Gasar Agadas ta zo ne a lokacin da iyakar ƙasashen biyu take rufe sakamakon takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Motocin kaya sun tsaya, amma kaye yana isa wayar mai shayi a Makoɗa kafin wanda aka kayar ya gama karkaɗe ƙura.

Abin da gasar shekara-shekara ta yi wa tunanin masoya shi ne ta ba shi kalanda da jerin sunaye. Da zarar an ce wane ya ci takobi a gari kaza a shekara kaza, an sami abin da za a yi gardama a kansa. Tsofaffin masoya suna riƙe da zamanin Kantu da Salma Ɗan Rani na Dosso da Kadade na Tawa da Langa-Langa na Damagaram, kuma hukuma ta tabbatar musu da wannan matsayi da ta sa wa filayen kokawa na Maraɗi da Dosso da Damagaram sunayen Kantu da Salma da Langa-Langa. Na tsakiya suna ambaton Umaru Bindigau na Maraɗi da Laminu Maidaba na Agadas. Matasa kuma suna da hujjar da ba ta buƙatar dogon bayani, wato takubba 6 a hannun mutum ɗaya.

Ƙorafin masu begen da yana da rassa. Suna cewa mazan farko manoma ne da suka zo fage daga gona, na yanzu kuwa 'yan wasa ne da ake killacewa ana horarwa. Suna cewa agogo da gargaɗin alƙali sun sa ɗan kokawa ya koyi tsare gida maimakon kai hari, har a tashi wasa ba a ga bayan kowa a ƙasa ba. Suna cewa kirari ya gajarce saboda ana sauri a haɗa karawa ta gaba. Mafi nauyi shi ne zargin cewa tun da kyauta ta kai miliyoyin sefa, ga kuma alherin 'yan kasuwa da 'yan siyasa, ana iya sayen kaye. Masu kare na yanzu suna da amsa. Horon da ake raina shi ne ya sa kaye ya yi wuya, domin kowa ya san dabarar kowa, ya kalle ta a waya sau goma kafin a haɗu. Kuɗin kuma shi ne ya hana ɗan kokawa ya tsufa yana roƙo.

A nan ya kamata a yi wa masu bege adalci, a kuma faɗa musu gaskiya. Batun agogo da gajartar kirari abu ne da za a iya aunawa, kuma akwai alamar suna da hujja. Batun ƙarfi kuwa, ƙwaƙwalwa tana tace abin da ta ajiye. Daga gasar da aka yi shekara arba'in da suka wuce, kaye biyu ko uku ne suka rage a bakin mutane, an manta da karawar da aka yi ta riƙe-riƙe har rana ta faɗi. Gasar bana kuwa ana kallon ta ne da tsakuwarta da ƙaiƙayinta. An auna tsabar jiya da zangarniyar yau, dole jiya ta yi nauyi.

5.0 WrestleMania a Gidan Kallo

An fara WrestleMania a ranar 31 ga Maris 1985 a zauren Madison Square Garden na birnin New York, ƙarƙashin kamfanin Vince McMahon da ake kira WWF a lokacin, wanda ya koma WWE a 2002. Karon farko an nuna shi ne a manyan allunan da aka kafa a zauruka, mutane suka sayi tikiti suka shiga. Daga baya ya zama ginshiƙin tsarin biya-ka-kalla, inda mai talabijin ke biyan kuɗin wasan dare ɗaya tak. A karo na 3, a 1987, Hulk Hogan ya ɗaga André the Giant ya maka shi da ƙasa a gaban taron da kamfanin ya ce ya kai mutum 93,173, adadin da har yau ake jayayya a kansa. Nijeriya ta riga ta san irin wannan kokawa tun shekarun 1970 ta hanyar Power Mike da wasannin da gidajen talabijin ke nunawa, amma a karkarar Kano bidiyo da janareto da tauraron ɗan'adam ne suka shigo da ita sosai.

Tsarin biya-ka-kalla ya sauya kama da ya iso ƙauye. Wasan yana farawa ne da tsakar dare agogon Nijeriya, a ƙarshen Maris ko cikin Afrilu, lokacin bazara da sharar gona da kai taki. Kaɗan ne ke ganin sa kai tsaye. Mafi yawa suna kallon maimaici a gidan kallo, inda mutum ɗaya ya biya kuɗin tashar SuperSport sauran suka biya shi kuɗin benci, ko kuma su je wurin masu tura finafinai a zuba musu a waya. Ainihin hajar da kamfanin ke sayarwa a Amurka, wato ganin abu a daidai lokacin da yake faruwa, ita ce ba ta isowa.

Wannan yana da tasiri a kan bege. A cikin katin waya guda, karawar Undertaker da Shawn Michaels ta 2009 tana zaune kusa da ta The Rock da John Cena ta 2012 da ta Roman Reigns ta shekarun baya-bayan nan, ba tare da kwanan wata ba. Yaron da aka haifa bayan 2005 yana iya kewar zamanin da bai rayu a cikinsa ba, domin shi a wurinsa bara ya gan shi. Labarin da ya fi zama a bakin masoya shi ne na ranar 6 ga Afrilu 2014 a New Orleans, lokacin da Brock Lesnar ya kayar da Undertaker bayan nasara 21 a jere a wannan wasa. Mai bin gasar takobi ba ya buƙatar a fassara masa nauyin wannan dare, domin darajar wanda ba a taɓa kai shi ƙasa ba ita ce gasar Nijar ta ginu a kanta.

Bambancin shi ne, a nan kamfani ne ke riƙe da ma'ajiyar, kuma ya san bege haja ce. A Toronto a 2002 an shirya Hogan ya fito a matsayin mugu a karawarsa da The Rock, sai 'yan kallon da suka tashi da shi tun suna yara suka juya suna yi masa sowa, kamfanin kuma bai ɓata lokaci ba ya mayar da shi gwarzo. Kowace shekara ana karrama tsofaffin 'yan wasa a makon WrestleMania, ana dawo da wanda ya yi ritaya ya yi wasa ɗaya, kuma a 2014 aka buɗe tashar intanet da ta tara tsofaffin wasanni ga mai biyan kuɗin wata. Mai cewa na da sun fi yana tallata kayan kamfanin ne ba tare da an biya shi ba. A 2020, da annobar korona ta sa aka yi wasan a zauren da babu ɗan kallo ko ɗaya, kowa ya ga yadda rabin wasan ashe sowar jama'a ce. Dattijon Kunchi da ke cewa kokawa ba ganga ba guɗa motsa jiki ce kawai, da ya gani da ya gane abin da ya ɓace.

Kamfanin yakan taɓo Nijeriya jefi-jefi. A 2021 an shirya wa Apollo Crews, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, karawa da Big E da aka laƙaba wa sunan faɗan gangar Nijeriya, aka jera ganguna a gefen fage. Babu wata al'umma a ƙasar da ke da faɗa mai wannan suna. A 2023 kuma Omos, haifaffen Legas, ya kara da Lesnar.

5.1 Kalmar "An Shirya"

Gardamar da ba ta ƙarewa a gidan kallo ita ce ko resilin gaskiya ne. Kamfanin da kansa ya amsa wannan a 1989, lokacin da ya shaida wa majalisar dokokin jihar New Jersey cewa abin da yake yi nishaɗantarwa ne, domin ya kuɓuta daga dokokin hukumar wasanni. Roland Barthes ya riga ya faɗi haka a 1957, inda ya ɗauki irin wannan kokawa a matsayin abin kallo da ke nuna wahala da sakayya, ba gasar neman wanda ya fi ƙarfi ba. Hausa ta sauƙaƙa lamarin da kalmar wasa, wadda ta rungumi wasan kokawa da wasan kwaikwayo baki ɗaya.

Duk da haka jimla guda tana da nauyi biyu. Idan aka ce an shirya wasan WrestleMania, an bayyana yadda sana'ar take, kuma gogaggen mai kallo ƙorafinsa shi ne marubutan yanzu ba su iya shiri kamar na da ba. Idan aka ce an shirya karawa a gasar takobi, an zagi mutum biyu da jiha biyu. A dandalin ƙauye kuwa maganar ba ta da wurin zama, domin wanda ya sayar da kaye gobe zai haɗu da mutanen garinsu a masallaci da bakin rijiya. Lokacin da dattijo ya ce kokawar da ta fi gaskiya, wataƙila wannan yake nufi: ɗan kokawa da ɗan kallo maƙwabta ne, kuma kowa zai kwana da sakamakon.

6.0 Giɓin da Ke Gaban Manazarta

Nazarin Hausa ya ba waƙoƙin maza muhimmanci, kuma ayyukan Sa'idu Muhammad Gusau a kan makaɗa da mawaƙa sun shimfiɗa hanyar rarrabe su. Edward Powe ya bayyana wasannin jarumta na arewacin Nijeriya a littafinsa na 1994. Amma an fi karkata ga mawaƙi da ɗan wasa, an bar ɗan kallo, alhali shi ne ke ɗauke da labarin bayan an tashi daga fage.

Gaggawar ba ɗaya ba ce. Kamfanin WWE yana da kowane wasansa a ajiye, yana kuma da lauyoyin da ke tsaron sa. Gasar takobi tana da hukuma da gidan talabijin da filaye masu sunayen gwanaye, ko da yake kirarin da waƙoƙin fagen suna jiran mai rubuta su da nazarin karin harshensu na Maraɗi da Tawa da Damagaram. Kokawar karkarar Kano kuwa tana cikin ƙwaƙwalwar mutanen da suka yi samartaka a shekarun 1960 da 1970, waɗanda mafi ƙanƙantarsu ya haura sittin. A wurinsu ne kaɗai za a ji sunayen dabarun kamu da taɗiya kamar yadda ake faɗar su a Bichi ko Minjibir, da garuruwan da ke gayyatar juna da waɗanda ba sa haɗuwa sai an yi rigima, da abin da ake ba makaɗi, da wurin da fagen yake kafin a yanka shi fuloti. Ɗaliban sassan Hausa na Jami'ar Bayero da sauran manyan makarantun jihar da yawansu 'ya'yan waɗannan ƙauyuka ne, kuma wayar da ake tura musu resilin a cikinta tana ɗaukar murya.